Liham marar dalma da mukayyif goma sha shida a kudancin Jidda

Shagon kawuna yana kudancin Jidda, ba nisa da Harajin Sawarik, babbar kasuwar gwanjon garin. Aikinsa gyaran kart, wato allon lantarkin da ke cikin mukayyif da injin wanki da firji. Mukayyif shi ne abin da 'yan uwanmu na gida ke kira esi. A Makka aka haifi Kawu, a Sharar Mansur. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan kafin ya haye Maliya daga Sawakin. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na karanta lantarki, ina aikin kula da na'urorin asibiti, da yamma kuma da ranakun hutu ina zama a shagon. Aiki ɗaya zan bayar da labarinsa a nan, wanda ya cinye mana bazara guda, ya kuma haddasa gardama tsakanina da Kawu da har yau ba ta gama mutuwa ba.

Yadda aikin ya zo

A watan Janairun 2018 aka ƙara kuɗin wuta a Saudiyya. Gidan da ke biyan halala 5 (halala ɗari ne riyal ɗaya) kan kowane kilowat-awa a matakin farko ya koma biyan halala 18. A ƙasar da mukayyif ke shan mafi yawan wutar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani Alhaji, bahaushe, mai gidan haya hawa uku, ya cire tsofaffin mukayyif ɗinsa na taga ya sa sababbi masu inbata guda goma sha shida, duk samfuri ɗaya. Masu inbata suna rage gudun kwamfureso su ƙara gwargwadon buƙata, don haka ba sa shan wuta kamar na da. Kuɗin wutarsa ya sauka, ya ji daɗi.

Garantin shekara biyu ya ƙare lafiya. Sai a bazarar da Saudiyya ta fara aiki da dokarta ta rage guba a kayan lantarki, injinan suka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Alamar iri ɗaya ce: da safe su yi sanyi, da azahar injin waje ya tsaya, na ciki ya riƙa ƙyaftawa, da dare su tashi kamar ba su ba. Cikin wata biyu kart tara suka iso teburin Kawu. Sabon kart sai an yi oda an jira, kuɗinsa kuma ya isa ya sa mutum ya fara tunanin sayen sabon inji gaba ɗaya.

Kawu ya juya na farko, ya duba bayansa da gilashi, ya ture mini shi. "Ka gani ko, ɗan nan? Lihamin Turawa ne. Sun cire masa dalma, ya zama kamar busasshen tuwo." Ya ɗauko kawiya, wato ƙarfen narkar da liham, da zaren lihaminsa na gargajiya, wanda ake narkarwa a manne ƙafafun sassa da allo, ya bi gaɓoɓin da suka tsage ya ƙara musu. Injinan suka tashi. Kafin zafi ya wuce, huɗu daga cikin taran sun dawo.

Abin da aka cire, da wanda aka sa

Da Hausa mukan kira zaren liham ɗin kansa dalma, shi ya sa maganar "liham marar dalma" ke rikita mutane. Larabcin shago ya fi rarrabewa: rasas daban, gasdir daban. Rasas ita ce dalma, mai gubar. Gasdir shi ne farin ƙarfen da ake fitarwa daga kuza, irin wadda aka haƙa a Jos. Lihamin da duniya ta yi shekaru da dama tana aiki da shi gauraye ne na kuza kashi 63 da dalma kashi 37, yana narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas. Yana gudu kamar mai, yana shiga rami ya cika shi, in ya daskare yana ƙyalli, kuma yana da taushi: in allo ya miƙe ko ya lanƙwashe, yakan bi shi kafin ya karye.

A watan Janairun 2003 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ake kira RoHS, ta fara aiki ran 1 ga Yulin 2006. Ta taƙaita abubuwa shida a sababbin kayan lantarki: dalma, zaiba, kadmiyam, wani nau'in kuromiyam, da magungunan hana kama wuta iri biyu. Dalma ba za ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin kowane sashe ba. An ware kayan soja da na sararin samaniya, na'urorin asibiti kuma aka ɗaga musu ƙafa har 2014. Wannan warewar kanta shaida ce cewa masu dokar sun san akwai abin tsoro ta fuskar ƙarko.

Abin da ya maye gurbi, wanda ya fi shahara, shi ne SAC305: kuza kashi 96.5, azurfa kashi 3, tagulla rabin kashi. Sai ya kai wajen digiri 217 zuwa 220 yake narkewa. Akwai mai araha, kuza da tagulla kashi 0.7 kawai, babu azurfa, shi kuma sai digiri 227. Bambancin digiri talatin da wani abu zuwa arba'in da huɗu ke nan, kuma kowane ɗan ƙaramin abu da ke kan allon sai ya jure shi a masana'anta.

Hukumar ƙayyade ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, ta fitar da nata tsarin a watan Yulin 2021, aka fara aiki da shi mataki-mataki daga Yulin 2022, ƙananan kayan gida da farko, manya suka biyo baya. Nan ne zargin Kawu ya fara samun tangarɗa, domin injinan Alhaji sun shigo ƙasar shekaru kafin dokar. Masana'antun Sin da ke yi wa Turai kaya ba za su buɗe layi na biyu don Jidda ba. Tun wajen 2006 muke sayen kaya marasa dalma ba tare da wani ya tambaye mu ba. Doka ce da aka rubuta a ƙasar sanyi, ta iso bangon gidan haya a garin da zafinsa ya taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010.

Abin da muka gani a ƙarƙashin gilashi

Na roƙi Alhaji ya bar mu mu cire duk goma sha shidan, masu lafiya da marasa lafiya, biyu-biyu, don kada 'yan haya su kwana cikin zafi. Na zo da maikuroskof daga wurin aiki.

Abu na farko da ya fito fili: duk taran da suka lalace injinansu na waje suna bangon yamma ko kan rufi, inda rana ke dukansu daga azahar har la'asar sakaliya. Na bangon arewa da na cikin lungu ko ɗaya bai tsaya ba, ko da yake a biyu daga cikinsu mun ga tsagar ta fara. Na sa ma'aunin zafi cikin akwatin kart na wani inji da ke kan rufi, da rana tsaka ya haura digiri 70. Da asuba ya sauko ƙasa da rabin haka. Kullum sai allon ya kumbura ya motse, kuma allo da ƙafar ƙarfe da liham kowanne da irin miƙewarsa. Ga girgizar kwamfureso a kai.

Na biyu: tsagar ba ko'ina take ba. Zobe ne siriri kewaye da ƙafafun abubuwa masu nauyi ko masu zafi, wato rile, da babban nadin waya, da ƙafafun bulon da ke tuƙa kwamfureso, wanda aka ɗaure da kusa a jikin farantin alminiyam. Ƙananan abubuwan da aka manna a fuskar allo lafiyarsu ƙalau. Wannan ya dace da abin da aka sani game da lihamin zamani. Inda motsin kaɗan ne yana iya fin mai dalma daɗewa. Inda motsin ya yi yawa, taurinsa ke kayar da shi, don ba ya bi, sai dai ya tsage ko ya ɓamɓaro tagullar allon. Shi ya sa masu ƙera wayar hannu suka koma rage azurfar suna zuba gam a ƙarƙashin manyan sassa, saboda faɗuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi. Ramukan ƙafafun sun yi wa ƙafafun yawa, lihamin kuma a wurare da dama bai hau ya cika ramin ba, ya tsaya a baki. Liham marar dalma ba ya gudu da sauri. In masana'anta ba ta ba shi isasshen zafi da lokaci ba, haka zai fito. Babu gam ko maɗauri da ke riƙe nadin wayar nan mai nauyi, lihamin kaɗai aka bar wa ɗaukar kayan. Fentin kariya da ake shafa wa allo don danshi an shafa shi rabi da rabi, kuma inda bai kai ba iskar gishirin Maliya ta riga ta fara cin tagulla, ta yi kore.

Wani dillalin sikirab a Haraj yana da bindigar gwajin ƙarfe, irin wadda masu zinariya ke amfani da ita. Ya ɗora ta a kan gaɓar da ba mu taɓa ba: kuza da ɗan tagulla, babu azurfa, babu dalma. Mafi arahar lihamin ke nan. Ba haramun ba ne, akwai kaya masu kyau da aka yi da shi. Amma da ramin da ya yi faɗi, da nauyin da ba a tallafa ba, da ranar Jidda, ba a bar masa wurin kuskure ba. Mai dalma da ya ɗan rufa wa wannan sakacin asiri na wasu shekaru, wannan gaskiyar Kawu ce. Sabon ba ya rufa wa kowa asiri.

Sai huɗun da suka dawo. Biyu, Kawu ya zuba sabo a kan tsoho ba tare da ya zuƙe na ƙasan ba. Kawiyarsa tsohuwa ce, zafinta ya ishi mai dalma amma bai narkar da na ƙasa sosai ba, sai sabon ya yi wa tsagar hula, tana nan a ciki da tsatsarta. Sauran biyun laifin ya fi haka. Yaron shagon ya koyi aiki wajen masu gyaran waya, ya saba da wani liham mai bismat da ke narkewa a digiri 138, wanda ake shafawa don a cire abu cikin sauƙi. Ya cire bulon kwamfureso da shi, bai goge ba, Kawu ya zo ya ɗora mai dalma. Kuza da bismat da dalma in suka haɗu suna haifar da gauraye da ke fara narkewa a wajen digiri 96. Ƙafar bulon da ke aiki kan rufi da azahar ba ta da nisa da nan. Babu wanda ya taɓa gaya wa Kawu wannan, babu kuma takarda a jikin allon da ta faɗi irin lihamin da ke kai. Shekara talatin da ɗoriya hannunsa ya san liham iri ɗaya tak a duniya.

Da ya dage cewa a zamanin dalma ba a ganin irin wannan, na tuna masa da talabijin masu ƙugu. Shi da bakinsa ya sha ba ni labarin yadda yake bin ƙafafun taransifomar bayansu yana sake musu liham, don zoben tsaga iri ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce waɗancan sai sun shekara goma. Na yarda. Tsofaffin mukayyif na taga da yake yabo kuwa, masu shekara ashirin suna aiki, ba dalma ce ta raya su ba. Ba su da kart ko kaɗan, daga kwamfureso sai fanka sai kondensa sai maɓallin zafi.

Gashin kuza

Akwai abin da na nema ban samu ba, kuma dole in ambace shi don shi ne babban tsoron masana. Kuza zalla, in aka shafe ƙafar wani abu da ita, takan tsiro da wasu zarurruka sirara fiye da gashin kai, a hankali, cikin watanni ko shekaru. In zare ɗaya ya taɓo ƙafar maƙwabta, wuta ta haɗe. Injiniyoyin wayar tarho a Amurka sun gano haka tun shekarun 1940, daga baya aka gane cewa ɗan kason dalma a cikin kuzar yana hana tsiron. Haka aka zauna lafiya shekara hamsin, sai dai inda aka sa kuza zalla. A watan Mayun 1998 tauraron ɗan'adam Galaxy IV ya mutu a sama, mafi yawan na'urorin kiran gaggawa na aljihu a Amurka suka yi shiru, likitoci na cikin waɗanda abin ya shafa, kuma gashin kuza aka ɗora wa alhakin lalacewar kwamfutarsa. A 2005 tashar nukiliya ta Milston a jihar Kanetikat ta kashe kanta saboda zare ɗaya a kan wani allo.

Bayan dokar an samo dabaru: shimfiɗa nikel a ƙarƙashin kuzar, gasa sassan a digiri 150 na awa guda, shafa fentin kariya. Suna ragewa, ba sa kawarwa. A wurin aikina, inda na'ura ke manne da numfashin mutum, wannan na raina kullum. A kan allunan Alhaji dai ban ga ko ɗaya ba.

Kuɗin da muhalli ya biya

Kawu ba ya karanta rahotanni, amma tambayar da ya yi mini ita ce tambayar da manyan masana suka yi: in inji ya mutu a shekara huɗu maimakon goma sha biyar, wace ƙasa aka tsare? Kart ɗaya ya mutu, mai gida ya ga tsadar sabo, ya sayar da injin duka ga 'yan sikirab. A yanke bututu, iskar gas ta tsere sama, a sake haƙo tagulla da alminiyam a ƙera wani, a ɗoro shi a jirgin ruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, abin da aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Shi ma sabon lihamin ba daga sama ya faɗo ba. A 2005 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da nazarin da ya bi kowane liham daga rami har juji. Mai dalma ya fi muni ta fuskar guba ga mutane da ruwa. Mai azurfa kuma ya fi shi cin makamashi da wasu illolin, galibi saboda wahalar haƙo azurfa. Kusan rabin kuzar duniya a liham take ƙarewa, kuma cire dalma ya ƙara yawan kuzar da ke cikin kowane ɗigo. A tsibiran Banka da Belitun na Indunusiya ana yashe ƙasa da gindin teku dominta, ramuka na rufta wa masu haƙa. Duk wanda ya san Filato ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har yau ke cin mutane da dabbobi.

A teburin gyara ma akwai farashi. Dalma ba ta tashi a hayaƙin kawiya, don sai ta haura digiri 1,700 take tafasa. Hayaƙin da ke shiga hancin mai gyara na man liham ne, ƙaron itace, wanda aka san yana jawo asma. Sabon liham yana son zafi mai yawa da mai mai ƙarfi, saboda haka hayaƙin ya ƙaru. Bakin kawiya ma yana cinyewa da wuri.

Wani abin kuma: dalmar da ke cikin liham ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita ba. Fiye da kashi uku cikin huɗu a batirin mota da makamantansa take, kuma wannan dokar ba ta taɓa batir ba.

Hajiya mai kwasar sikirab

Da a nan na tsaya, da Kawu ya ci gardama. Abin da ya hana ni bin sa wata dattijuwa ce da ke zuwa shagon duk mako da amalankenta. Tana cikin matanmu da ke bin kwandunan shara suna tsintar gwangwani da waya da duk abin da dillali zai auna. A Gulel take da zama kafin rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya tashi Sabil da Karantina da Fetromin da sauransu, ya kuma cika Haraj da tsofaffin kaya. Kawu yana tara mata matattun kart, sadaka. Yana ce mata Yaya, tana ce masa Malam.

Ran da na kai mata buhu har ɗakin da ta koma, na ga inda kart ke ƙarewa. A tsakar gida, kan tabarma, jikokinta uku suna ɓalle nadin tagulla da filaya, ƙaramar tana rarrafe a tsakaninsu tana kai hannu baki. Allon da ya ƙi ɓalluwa ana ɗora shi kan garwashi har lihamin ya saki, a buga shi da ƙasa. A wannan tsakar gidan ake tuƙa tuwo.

Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa gubar dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana dakan dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A wata unguwa a gefen Dakar yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Wadda ba ta kashe ba tana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɗauka ba ya dawowa. Ba ta da zazzaɓi, ba ta da ƙurji. Yaro ne kawai zai taso allo na ba shi wuya, a ce ba shi da kai.

Lissafin kashi ɗaya cikin ɗari gaskiya ne, amma yana auna tan ne, ba ya duba inda kowane giram ya sauka. Dalmar liham a baje take cikin biliyoyin ƙananan kaya da ba mai mayar da su masana'anta, ƙarshenta juji ko garwashin mace irin Hajiya. Buhun da na kai ranar yawancinsa sababbin alluna ne marasa dalma. Da shekara ashirin baya ne, kowane ɗigo da ya faɗi kan tabarmar nan sama da kashi ɗaya cikin uku nasa dalma ne. Wanda ya rubuta dokar bai san da yarinyar nan ba, amma ta amfana, kuma ni a wurina wannan ya fi ƙarfin kart tara. Inda na ga gazawar dokar shi ne ta tambayi abin da ke cikin kaya ba ta tambayi shekara nawa zai yi ba, ba ta tilasta a rubuta irin lihamin a jikin allo ba, ba ta kuma kula da wanda zai gyara shi a ƙasar zafi ba. Takardar shaida ɗaya ce ake ba allon da aka yi da kyau da wanda aka yi da ha'inci, muddin duka babu dalma.

Abin da aka yi

Mun sake duk goma sha shidan. Kowace gaɓa mai nauyi an zuƙe tsohon lihaminta tas har tagulla ta fito, an cika ramin da SAC305 da sabuwar kawiya mai ma'aunin zafi. Nadin waya da manyan kondensa an tallafe su da gam mai jure zafi. An wanke allunan, an shafe su da fentin kariya gaba da baya. Alhaji ya sa maƙeri ya yi wa injinan rufi da na bangon yamma rumfar kwano mai barin iska ta wuce, kuma a ganina wannan rumfar ta yi aikin da ya kai na lihamin. Duka kuɗin bai kai na sababbin kart uku ba. Bazara biyu suka wuce, ɗaya ne ya dawo, shi ma kondensa ce ta kumbura, gaɓoɓinsa na nan daram.

A shago yanzu kawiya biyu ce, kowacce da zarenta da soson gogarta. Mai dalma Kawu ya ajiye shi don tsofaffin rediyo da amfilifayar masallatai da aka ƙera da shi tun asali, kuma a nan ban yi masa musu ba, don gyara kowane allo da irin lihaminsa shi ne daidai. Mai bismat an raba shi da teburin mukayyif. Mun sa fanka mai zuƙe hayaƙi zuwa waje. Shayi da burodin tamis sun bar kan tebur, akwai sabulu a bakin famfo. Har yanzu in ya ɗaga sabon allo ya ga lihamin dusu-dusu ba ƙyalli, sai ya girgiza kai ya ce a da wannan sunansa aikin banza, ni kuma in ce masa haka fuskarsa take ko da lafiyarsa lau.

Tsofaffin alluna masu dalma mun daina ba Hajiya. Kawu na tara su a durom ya sayar wa dillali kai tsaye, ya ba ta kuɗin. Na zauna da ita na yi mata bayanin Zamfara, ta ce ta ji labarin a rediyo lokacin da ya faru, ta yi salati. Ta yarda ta daina ɗora allo a wuta, ta kuma fitar da aikin daga inda yara ke wasa. Na tambaye ta kwallin da take sa wa ƙaramar a ido, don yawancin kwallin dutse cike yake da dalma, ta ce na kakanni ne, za ta duba.

Batura ne ban samu kanta ba. Zafin Jidda na kashe batirin mota da wuri, kowanne kuma akwai dalma kilo da yawa a cikinsa, fiye da abin da ke cikin allunan shagonmu na shekara. Su ne kayan da suka fi kawo mata kuɗi. Ran da na koma, uku na jingine a bayan ƙofarta, ɗaya ya tsage yana tsiyayar ruwa a kan siminti. Ta ce, "Ɗana, da kuɗinsu nake biyan hayar ɗakin nan." Na ɗauke su a motata na kai wa dillali, na kawo mata kuɗin, muka yi da ita cewa duk wanda ta samu ta bar shi a shagon Kawu kada ya kwana a gidan. Wani makon tana kawowa, wani makon amalanken ya yi mata nauyi ta wuce da su gida.